Birkin Feda Ya Yi Sanyi: A Buɗe Cibiyar Kafin a Yar da Ita

A kan babbar hanyar ƙasar Nijar mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Kore Mai Ruwa ta shiga Dogon Dutsi kafin ta miƙe zuwa Birnin Ƙonni, ba baƙon abu ba ne a ga yaro ya ɗaure jarkokin ruwa biyu a kariyar keke, ga babbar mota tafe, shi kuwa abin da zai tsaya da shi bai wuce silifas ɗinsa ba. Ko ya ja ƙafa a ƙasa, ko ya danna dunduniya a kan taya. Keken da ba birki ya zama abin da ido ya saba da shi a wannan yanki da ake kira ƙasar Arewa, daga Matankari har Gesheme, har ba a ɗaukarsa a matsayin lalura. A cikin waɗannan kekuna akwai rukunin da lamarinsa ya fi damuna, wato masu birki a cikin cibiyar ƙafar baya, wanda ake kamawa ta hanyar mayar da feda baya. Idan irin wannan birki ya yi sanyi, hukuncin da aka fi yankewa a rumfar gyara shi ne ya mutu: a warware sifok, a cire cibiyar, a ɗaura sabuwa mai firwil, sannan a nemi birkin roba idan da sauran kuɗi, idan babu kuma a hau haka nan. Ina ganin wannan hukunci asara ce. Mafi yawan birkin feda da ya yi sanyi datti ne da rashin kulawa suka kwantar da shi, ana iya tashinsa da kananzir da giris da haƙurin sa'a ɗaya ko biyu, kuma babu birkin da ya fi shi dacewa da rairayin kwarinmu na Dallol Mawri.

Keken da iyayenmu suka sani, Raleigh na Ingila da aka daɗe ana haɗawa a Kano, da Phoenix na Shanghai da Hero na Indiya da suka biyo baya, birkinsu na sanda ne mai jan roba ta matse rim. Da shi makanikanmu suka koyi sana'a, shi ya sa hannunsu ya faɗa a kansa. Birkin feda kuwa ya fi shigo mana ne a cikin kayan gwanjo, kekunan da aka gama hawa a Jamus da Holan da Danmak, inda ya zama gama-gari a kekunan cikin gari, da kuma ƙananan kekunan yara. Ba sabuwar ƙira ba ce. Kamfanin New Departure na garin Bristol a jihar Konetikat ta Amurka ya fito da nasa a 1898, Ernst Sachs kuma ya fitar da cibiyar Torpedo a garin Schweinfurt na Jamus a 1903, wadda ta shahara har masu Faransanci da dama suke kiran duk wani birkin feda da sunanta. Daga baya Bendix a Amurka da Perry a Ingila da Shimano a Japan suka yi nasu. Wanda ya goge dantsen ƙarfen da ke gefen hagu na cibiyar da tsumma, galibi zai ga sunan maƙerinta a buge a jiki, kuma sanin sunan yana da amfani, domin cikin kowace ya ɗan bambanta.

Aikin nata ba mai wuyar fahimta ba ne. Sandar tsakiya ba ta juyawa, noti ya ɗaure ta a jikin firam. Farantin haƙoran da sarƙa ke ja yana haɗe da wani ƙarfe mai zare mai kauri, a kan zaren kuma akwai ɗan ƙarfe mai siffar mazurari da ke iya tafiya dama ko hagu. Idan mahayi ya tuƙa gaba, zaren ya jawo mazurarin dama, ya ciji kwanson cibiyar daga ciki, ƙafa ta juya. Idan ya daina tuƙi, mazurarin ya saki, keke ya gangara da kansa. Idan ya danna feda baya, zaren ya tura mazurarin hagu, ya kutsa tsakanin wasu lanƙwasassun ƙarafa, ya buɗa su, suka gogi kwanson har ƙafa ta tsaya. Dantsen nan na hagu, wanda aka ɗaure a jikin firam da maɗauri da ɗan noti, shi ke hana kayan birkin duka su bi ƙafar su juya. Haka Shimano da Bendix suke. Torpedo tana jan ƙafa ne da 'yan gajerun sandunan ƙarfe biyar masu mirginawa, birkinta kuma zobe ne mai tsaga wanda ke buɗewa, a tsofaffin na tagulla. Tsohuwar New Departure kuwa faifai ne sirara aka jera, wasu na bin kwanso wasu na bin sanda, sai a matse su wuri ɗaya.

Abin lura shi ne duk wannan aiki a rufe yake gudana, kuma nan ne hujjata ta farko take. Gundumar Dogon Dutsi da ta Tibiri, wadda aka cire daga cikinta a 2011, ƙasa ce ta kwari mai rairayi da tuddan marmara, hanyoyin da suka bar kwalta zuwa Dumega ko Dogon Kiriya kuwa burji ne ko turbar amalanke. A irin wannan hanya birkin roba yana da maƙiya da yawa. Rairayi yana shiga tsakanin roba da rim yana cin su duka biyu. Zafin bazara, da kan haura maki 40, yana busar da robar ta taurare ta daina kamu. Rami ɗaya da kaya a baya ya isa ya karkata rim, rim ɗin da ya karkata kuwa dole a sassauta masa birki don kada ya riƙa gogawa, daga sassautawa sai a wayi gari an cire shi gaba ɗaya. Da damina, rim na ƙarfe da ya jiƙe a tsallaken korama yakan yi santsi har sai ya bushe. Birkin feda bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba: ba waya mai tsinkewa, ba roba mai ƙarewa, rim ya miƙe ko ya karkata duk ɗaya ne a wurinsa. Da ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, ta tashi ƙera keken Buffalo domin ƙauyukan Zambiya da Kenya da Malawi da Zimbabuwe, keken da kariyarsa ke ɗaukar kilo 100, birkin feda ta sa masa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, F.K. Day, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin SRAM mai ƙera kayan kekunan tsere, saboda haka sun san birki iri-iri, kuma wannan suka zaɓa wa hanyar karkara.

To me ke sa shi sanyi? A fara da waje, kafin a taɓa cikin. Sau da yawa maɗaurin dantsen ne ya kwance, ko notinsa ya faɗi aka ɗaure da waya ko tsumma. Idan dantsen yana wasa, ƙarfin da mahayi ya danna yana ƙarewa ne wajen motsa shi, ana jin ƙwas kafin birki ya kama, kuma a hankali yana murɗa sandar tsakiya ya kwance notocin da ke riƙe da boris. Idan ya kuɓuce gaba ɗaya yakan naɗe da ƙafar, birki ya tafi a lokacin da aka fi bukatarsa. Wannan maɗauri shi ne abu mafi araha a jikin keken, kuma rayuwar mahayi tana rataye a kansa. Sai sarƙa. Idan ta yi sako-sako, feda zai yi tafiya mai nisa baya kafin komai ya motsa, don haka a ja ƙafar baya kaɗan har wasan sarƙar a tsakiya ya zama bai wuce faɗin yatsa ba. Sannan a kama taya a girgiza ta gefe da gefe. In tana kaɗawa, notocin boris sun yi sako, kayan ciki ba su zauna daidai ba, mazurarin yana yin doguwar tafiya kafin ya isa inda zai yi aiki. Kekuna da yawa daga nan suke warkewa ba tare da an buɗe komai ba.

Idan waje ya daidaita birki bai dawo ba, sai a shiga ciki, kuma a nan ne wurin aiki yake da muhimmanci fiye da kayan aiki. Makanikin da ke zaune a gindin dogon yaro, iskar hunturu na kaɗawa, idan ya zube kayan cibiya a ƙasa ya riga ya ɓata aikin, domin ƙwayar rairayi ɗaya a cikin giris za ta yi ta cin ƙarfe har shekara. A shimfiɗa tsumma mai tsabta a cikin tire, a cire ƙafar, a kwance notin gefe ɗaya, a riƙa zaro kaya ɗaya bayan ɗaya ana jerawa daga hagu zuwa dama yadda suka fito, kowanne da fuskar da yake kallo. Mai waya ya ɗauki hoto kafin ya taɓa. Abin da za a tarar a cibiyar da ta shekara talatin ko arba'in ba a buɗe ba kusan iri ɗaya ne: giris ya bushe ya haɗu da ƙura da garin ƙarfe ya daskare kamar ƙanzon tukunya, ya cike zaren, ya liƙe ƙarafan birki, ya toshe 'yan tsagogin da aka yi a bayansu. Akwai kuma ɗan sifirin da ke riƙe mazurarin don kada ya bi zaren ya yi ta juyawa a banza. Idan ya saki ko datti ya danne shi, mahayi zai mayar da feda baya rabin zagaye ko fiye bai ji komai ba. A jiƙa kayan duka a kananzir ko man gas, a goge da tsohon buroshin haƙori, a shanya a inuwa a rufe. Fetur yana wankewa da sauri, amma a rumfar da ake hura gawayin shayi ko ake ɗumama faci, hatsarinsa ya fi amfaninsa.

Bayan wanki ne ake sanin gaskiyar cibiya. A duba bayan ƙarafan birki: in tsagoginsu na nan, da sauransu, in kuwa sun shafe sun yi sumul suna ƙyalli, sun ci. Wanda ya yi ƙyalli kawai ba tare da ya sirance ba, ana iya bi ta kansa da lallausar samfefa, haka ma cikin kwanson, a sake wankewa. A sa yatsa a shafa cikin kwanson, idan an ji kwari mai zurfi ko an ga tsaga, wannan cibiya ta gama aiki, kuma gaskiya ne a faɗa wa mai ita. A duba boris ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi tsatsa ko ya fashe a canza, kuma a kula da fuskar kejinsa wajen mayarwa, domin juya shi kuskure ne da ke sa ƙafa ta ƙi juyawa bayan an gama ɗauri. Sai a shafa giris mai jure zafi, irin na boris ɗin ƙafar mota, a kan boris da bayan ƙarafan birki da cikin kwanson, a sa kaɗan a kan zaren. Sandunan Torpedo masu mirginawa ba sa son giris mai kauri, yana liƙe su su ƙi kamu, mai mara kauri ya fi musu, shi ya sa tsofaffin ke da ɗan murfin ɗiga mai a jikin kwanso. Faifan New Departure ma haka, idan aka cika su da giris mai kauri sai su riƙa zamewa a kan juna. A ƙarshe a ɗaure notin boris har kaɗawa ta ɓace amma ƙafa na juyawa sakayau, a kulle shi da noti na biyu.

Na san abin da makaniki mai hankali zai ce a nan: tun muna yara aka hana mu barin mai ya taɓa birki, yaya za a ce a cika shi da giris? Maganarsa daidai ce a kan roba da rim, daidai ce kuma a kan birkin babur. Wannan kuwa ƙarfe ne ke gogar ƙarfe da matsi mai tsanani, kuma maƙeransa sun auna shi ne da giris a ciki. Idan ya bushe yakan yi ƙara, ya cafke ƙafa farat ɗaya ta ja a ƙasa, sannan ya cinye kwanson cikin ɗan lokaci. Wanda ya wanke cibiya ya mayar da ita a bushe don birki ya ƙara kamu, zai ji daɗinsa na 'yan kwanaki, daga baya ya rasa cibiyar baki ɗaya.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na kayan gyara. A kasuwar Dogon Dutsi ko ta Tibiri ana samun taya da tub da sarƙa da robar birki, amma da wuya a ga mai sayar da zoben Torpedo, kuma tun da iyakar Binin ta rufe bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, kayan da ke shigowa ta Kwatano da Gaya suka koma doguwar hanya suka ƙara tsada. Wannan gaskiya ne, sai dai ni a ganina hujja ce ta riƙe tsohuwar cibiya da kyau. Abin da gyaran ya fi ci, wato kananzir da giris da boris da noti, duk akwai su a kowace kasuwa. Kayan cikin kuwa ba su cika lalacewa tare ba: wadda kwansonta ya tsage tana da lafiyayyen mazurari, wadda sifirinta ya karye tana da ƙarafan birki masu kyau. Makanikin da ke tara matattun cibiyoyi a gwangwani, kowane suna daban, maimakon ya sayar wa masu awon ƙarfe da kilo, ya yi wa kansa kanti. Ƙirar Torpedo ta yaɗu har wasu kamfanoni suka kwaikwaye ta, irin su Velosteel na ƙasar Cek, kuma yawancin cibiyoyin kekunan yara da ake ƙerawa a Asiya sun bi tsarin Shimano, don haka akan dace kayan wata su shiga wata, amma sai an gwada an tabbatar, ba a tilasta. A ɗaya ɓangaren, canza cibiya yana nufin kuɗin sabuwa da firwil da ɗaurin sifok da hannun birki da waya da roba, kuma wasu kekunan Holan ba a ma yi musu wurin ɗaura birkin roba a baya ba.

Akwai masu cewa birkin feda yana ɗaukar zafi ya ƙone, kuma suna da shaida. A wani gangare kusa da garin Fairfax a Kalifoniya, tun daga Oktoban 1976, matasa irin su Charlie Kelly da Joe Breeze da Gary Fisher sun riƙa tsere da tsofaffin kekuna, da yawansu masu birkin feda, suna saukar kusan mita 400 a cikin tafiyar da ta ɗan wuce kilomita 3. Kafin su kai ƙasa cibiyar na hayaƙi, giris ya ƙone, sai an sake cikawa. Daga wannan tsere mai suna Repack keken hawan dutse na zamani ya samo tushe. To amma a ƙasar Arewa babu gangare mai wannan tsawo. Saukowa daga tudu zuwa cikin kwari gajere ne, abin da ake bukata kawai shi ne mai kaya ya riƙa dannawa yana saki, kada ya kwantar da ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa, kuma kada yaro ya taɓa cibiyar da hannu bayan saukowa.

Inda masu suka suka fi gaskiya, kuma ba zan rage musu komai ba, shi ne wurare biyu. Idan sarƙa ta zame ko ta tsinke, birkin feda ya tafi tare da ita. Sannan ƙafar baya kaɗai yake kamawa, alhali duk lokacin da keke ke tsayawa nauyi gaba yake komawa, ƙafar baya ta yi sauƙi ta fara ja a ƙasa. Masu nazarin keke sun auna cewa birkin baya shi kaɗai, komai kyansa, kusan rabin tsayawar da na gaba ke bayarwa yake iya yi a busasshiyar kwalta. Kaya a kariya yana ɗan taimaka masa da riƙon ƙasa, amma yana ƙara nauyin da za a tsayar. Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar hanya ta ce keke ya kasance da birki mai aiki, dokokin Jamus da Faransa kuwa biyu suke nema, kowanne mai cin gashin kansa. Abin da ya biyo daga nan shi ne a ƙara birkin hannu a ƙafar gaba, a bar na feda yana baya. Kuɗin da za a kashe wajen cire cibiya mai rai ya isa a yi hakan har a sami canji, mahayi ya tashi da birki biyu waɗanda abu ɗaya ba ya kashe su tare.

Akwai kuma dabarar da ba a cika sani ba. Ƙarfin birkin feda yana bin girman farantin baya, saboda haka wanda ya cire mai haƙora 18 ya sa mai 22, ya ƙara sarƙa kaɗan, ya ƙara wa birkinsa kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma tuƙi a rairayi da kaya ya yi masa sauƙi, sai dai gudu a kwalta ya ragu. Ga yarinya 'yar makaranta da ba ta da nauyi, ko manomin da ke kai buhun dankalin turawa daga lambunan Dogon Dutsi zuwa kasuwa, wannan ciniki ne mai riba. A koya wa yara kuma su daidaita feda biyu a kwance, ɗaya gaba ɗaya baya, kafin su iso mararraba, domin idan feda na sama da ƙasa ƙafa ba ta da ƙarfin dannawa.

Wani zai ce duk wannan wahala ce a kan abin da zamani ya wuce, babur ya karɓi hanya. Amma tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, man da ke tsallakowa daga jihar Kabi zuwa ƙauyukan bakin iyaka ya daina araha, gidaje da dama suka sake duban keken da ke jingine a zaure. Ɗalibin da kwalejinsa ke wani gari ba shi da kuɗin kabu-kabu kullum. Ya kamata makarantun koyon sana'a na waɗannan gundumomi, da manyan makanikai masu yara a hannu, su sa buɗe wannan cibiya da mayar da ita cikin abin da ake koya wa almajirin gyara kafin a yaye shi. Kuma kada keke ya bar rumfa sai an gwada shi a gaban mai shi: a ɗaga ƙafar baya a juya a ga tana tafiya ba gogawa, a hau a danna feda baya a ga ya kama kafin ya yi rubu'in zagaye, a danna da ƙarfi a busasshiyar ƙasa a ga taya ta ja, sannan a sake sa sufana a kan notin dantsen.